Sai Madam Ta Ce a Cire

A unguwar Tishigu ta Tamale, idan ka wuce layin masu gyaran babur ka karya kwana wajen mai koko, akwai wata 'yar rumfar kwano manne da shagon kayan masarufi na Alhaji Saani. Nan Gariba yake zama. Makaho ne, ƙanin Alhajin ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sana'arsa ita ce zuba wa mutane kaya a filash, ɗan abin nan mai tsawon yatsa da ake sokawa a jikin kwamfuta, wanda 'yan Tamale ke ce wa fendiraif. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, hotunan suna, bidiyon biki, duk abin da ya cika wa mutum waya ya rasa inda zai kai, wurin Gariba ake kawowa.

Rumfar tana da doka guda, kuma duk unguwar ta san ta: ba a zare filash sai Madam ta ce a cire. Madam ita ce muryar da ke cikin kwamfutarsa, mai karanta masa duk abin da ke kan allo. Turanci take yi da sauri kamar gugguru na fashewa a tukunya, ba wanda ke tsintar kalma ɗaya sai shi. In ya gama zuba kaya, sai yatsunsa su sauka ƙasan maɓallai, ya danna biyu tare, Madam ta ce ga shi a kusurwar allo. Ya bi da kibiya har ta ambaci wurin sallamar filash, ya danna, ta faɗi sunan wanda ke soke, ya sake dannawa. Daga nan ya naɗe hannu a ƙirji ya saurara. Wani lokaci ta amsa nan take, wani lokaci ta ja masa rai, ta ce akwai abin da ke buɗe, ya koma ya rufe ya sake daga farko.

Masu gaggawa sun sha haushin wannan doka. Saurayi zai tsaya a bakin rumfa, ƙafa ɗaya a ƙasa, babur na ruri, yana cewa, "Gariba, ya gama kuraa, gaba ɗaya! Ni ina gani, layin ya cika."

"Layin ya cika, cikin bai cika ba," in ji Gariba. "Kashe moto ka zauna."

In ya ji mutum mai sauraro ne, yakan yi masa bayani cewa kwamfuta munafuka ce, tana nuna ta haɗiye alhali sauran loma na bakinta. Ka fizge a lokacin, ba sabon da kake zubawa kaɗai za ka rasa ba, har tsohon da ke ciki yana iya tafiya. Wasu su gane, wasu su ce iyayi ne irin na makafi, su biya su tafi suna gunaguni.

Ba da makanta aka haifi Gariba ba. Kakansu farken goro ne da ya sauko daga Katsina ya yi zamansa, ubansu tela, shi kuma ya tashi da aikin wuyan riga. Allurarsa ta yi suna har masu kuɗin unguwar Vittin suna aiko da shadda. Yana cikin ƙarfinsa, da matarsa Ajara da 'ya'ya ƙanana, ganinsa ya fara tsukewa daga gefe, kamar ana jawo labule ta ɓangare biyu. Ya ɗauka gajiya ce. Da ya je asibiti aka ce hawan jinin ido ne, kuma ya zo a makare.

Aka yi taron gida a tsakar gidan gado. Alhaji Saani, wanda shi ne babba tun rasuwar ubansu, ya yi jawabi mai daɗi har mata suna share hawaye. Ya ce muddin yana numfashi ƙaninsa ba zai wulaƙanta ba. Bai sauke numfashin ba ya ƙara da cewa ya yi magana da ladan, za a ba Gariba wuri mai inuwa a ƙofar masallacin Juma'a, da tabarmarsa. "Ba bara ba ne," in ji shi. "Zama ne kawai. Wanda Allah ya taɓa zuciyarsa ya ajiye abin da ya samu."

Gariba ya ce, "Yaya, idona ne ya mutu. Hannuna na nan."

Ajara ce ta sayar da keken aikinsa suka sayi tsohuwar kwamfuta, ita ce kuma ta riƙa kai shi ajin da ƙungiyar makafi ke yi a cikin gari. Malamar ajin, Malama Faridatu, ita ma makauniya ce, kuma ba ta da wasa. Kafin ta koya musu buɗe komai sai da ta koya musu rufewa. Ta ce, "Mai ido yana da 'yar fitila a jikin filash da ke ƙyafta masa. Ku ba ku da fitila, kunne gare ku. Ku kuma sani, mai ido in ya ɓata aiki za a ce tsautsayi ne. Ku in kun ɓata, za a ce makanta ce, kuma daga ranar an gama da ku." Gariba ya riƙe wannan magana fiye da duk abin da ya koya a ajin.

Da ya buɗe rumfa, samari ne suka fara zuwa, yawanci don su ji aljanar da ke magana. Amma waɗanda suka tsayar masa da sana'a mata ne, kuma dalilinsu abin dariya ne in ba kai abin ya shafa ba. A bikin aure na zango akwai ranar da mata ke rufe ƙofa su ajiye mayafi su cashe, hajiyoyin da ko dariya ba sa yi a titi su zage su yi rawar da mazansu ba su san sun iya ba. Ana ɗaukar bidiyon, kuma ba wadda ke son ɗan saurayi mai shagon waya ya zura ido a ciki ya raba wa abokai. Sai wata ta ce, ai ga Gariba, shi me zai gani? Magana ta bi gidaje. Daga Tishigu har Kalpohin, matan da ke da abin ɓoyewa suka riƙa hawa yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, suna zuwa.

Ya san makantarsa ce ta jawo su, kuma abin ya ɗan sosa masa rai da farko. Sai ya ƙudura cewa in makanta ta kawo su, aiki ne zai riƙe su. Ya yi musu alkawari ba zai taɓa barin kwafin kayan mace a kwamfutarsa ba, daga wayarta zuwa filash ɗinta, shi ke nan. Ya samo gwangwanin biskit yana tara filasan da ke jiran layi, kowane da zaren da ya ɗaura masa, irin ƙullin da ya saba yi lokacin ɗinki. Da ya shafa ya san wannan na matar mahauci ne, wancan na malamar makaranta. Sautin robar filash na faɗawa gwangwani, ƙwal, shi ne sautin da ya fi so a duniya. Shekaru suka shuɗe, ko ɗaya bai taɓa lalacewa a hannunsa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka. Da wannan suna yake ciyar da gidansa, da shi yake ɗaga kai in ya wuce ƙofar masallacin da aka taɓa zaɓar masa.

Alhaji Saani kuwa, kowa a Tishigu zai gaya maka mutumin kirki ne, kuma gaskiya suka faɗa. Shi ya ba da filin rumfar kyauta, shi ya jawo wuta daga shagonsa. Sai dai irin mutanen nan ne da taimakonsu ba ya sallama. Zai cafke hannun Gariba ya tsallakar da shi titin da bai yi niyyar tsallakawa ba. Zai gyara masa teburi don ya yi kyau, Gariba ya wuni yana laluben kayansa. Yana da wata ɗabi'a da ake yabonsa a kanta: da ladan ya ɗaga murya, sai ya fito ya bi layi yana kashe rediyo da sifika, nasa da na maƙwabta, don kada wani sauti ya haɗu da kiran salla. Har sifikar Madam yake murɗewa. Gariba ya sha roƙonsa ya bari, ya ce shi da kansa zai tsayar da ita. Alhaji ya ce to, gobe kuma ya sake. Da Gariba ya gwada abin sawa a kunne, sai ya ga ba ya jin wanda ya shigo rumfa, ya koma wa sifikarsa.

Wata Laraba gab da Azahar, Hajiya Mashudatu ta sauka daga yelo-yelo tana haki. Ta daɗe tana kawo masa aiki, daga Kalpohin take, bazawara tun rasuwar maigidanta bara. Ta miƙa masa filash da wayarta.

"Gariba, wannan na bikin 'yata Jalila ne. Ka san shi, kai ka zuba. Ka ƙara min bidiyon sunan jikana a kai. Wani zai tafi Kumasi yanzu-yanzu, ina so in ba shi ya kai ma Jalila."

Ya shafa ƙullin zaren ya gane aikinsa. A cikin wannan filash akwai rawar mata, akwai kuma wurin da marigayi maigidanta ya dafa kan 'yarsa amarya yana sa mata albarka har muryarsa ta karye. Mai ɗaukar bidiyon ya daɗe da barin gari, wayar da aka fara ajiyewa a ciki ta faɗa ruwa. Hajiya ta taɓa gaya masa cewa in kewa ta dame ta, wurin take kunnawa.

"Mma Hajiya, da kin sayi sabo an zuba sunan daban," in ji shi. "Wannan shi kaɗai ne."

"Ba lokaci. Mota ba ya jira. Ai hannunka ne, me zai faru?"

Wannan magana ta yi masa daɗi, don haka ya soka filash ya fara. Bidiyon sunan babba ne, Madam ta ce da sauran tafiya. Ana haka ladan ya kira salla. Gariba ya ce mata ta zauna a benci, kada kowa ya taɓa, in ya idar da salla aikin ya nuna. Ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan shago.

Yana wanke ƙafa ya ji Madam ta yi shiru. Bai damu ba, ya san Yaya ne da murɗinsa. Abin da bai ji ba, saboda sifikar a kashe take, shi ne ƙarar da kwamfuta ke yi in an fizge mata abu. Alhaji Saani ya tarar da Hajiya tana tashi tana zama, tana duban titi. Ya leƙa allo ya ga koren layi ya kusa bango. Zuciyarsa ta alheri ta motsa, ya zare filash ya cire wayar ya miƙa mata, ya ce ta hanzarta kada mota ta tashi. Ita kuma ta karɓa, don mai ido ya duba ya ce an gama.

Sai da suka fito daga masallaci, yana riƙe da hannun Gariba kamar kullum, ya ce masa cikin fara'a, "Na sallame maka Hajiya. Madam ya gama tuntuni."

Gariba ya tsaya cak a tsakiyar titi. "Ta ce a cire?"

"Wa?"

"Madam. Ta ce a cire?"

"Ni da na gani da idona kake tambaya?"

Ya fizge hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya lallaɓa rumfa da sandarsa. Yatsansa ya sami ramin kwamfuta wayam. Ya murɗe sifika, Madam ta karanta masa cewa aikin ya katse. Ya kira Hajiya, ta ce ta riga ta bayar, mota ta tashi. Ya roƙe ta ta gaya wa Jalila kada ta soka shi ko'ina, ta mayar masa da shi. Hajiya ta ce to, amma hayaniyar tasha ta cinye rabin maganarsa.

Ba a rufa mako ba labari ya dawo daga Kumasi. Filash ya ƙi buɗewa. Jalila ta kai wa wani mai shago, kwamfutarsa ta tambaya ko a goge a gyara, ya ce a goge, har ya zuba mata waƙoƙi a kai don ya nuna mata ya gyaru. Rawar mata ta tafi, muryar marigayi ta tafi.

Alhaji Saani ya shigo rumfa da ƙullin goro a ganye. Ya ce dole su je Kalpohin su ba da haƙuri, haka tarbiyya ta ce. Gariba ya hau bayan babur yana rungume da goron, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ya yi zaton Yaya zai faɗi abin da hannunsa ya yi. A hanya har yana shirya yadda zai sassauta masa, ya ce ai da kyakkyawar niyya ya yi.

Falon Hajiya cike yake da mata, ya ji ƙamshin turarensu da motsin awarwaro, ya gane muryoyi da yawa, duk masu zarensa ne. Suka durƙusa kamar yadda ake yi, aka gaisa, ana amsawa da naa, naa, irin gaisuwar garin. Sai Alhaji ya gyara murya.

"Hajiya, ga ƙanina na kawo. Kin san lalurarsa. Yana ƙoƙari paa, amma abin da Allah ya rage ma mutum, ya rage. Ki dubi Allah ki yafe masa."

Gariba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ɗago kai ya ce, "Mma Hajiya, kina zaune a wurin. Wa ya zare..."

Hannun Alhaji ya sauka a kafaɗarsa, mai nauyi, mai taushi, ya danna. Ƙani ba ya ƙaryata wansa a gidan mutane, a gaban mata, da goron ban haƙuri a ƙasa. In ya yi, ba za a ce ya faɗi gaskiya ba, za a ce makanta ta haɗu da rashin kunya. Ya haɗiye sauran maganar.

Abin takaicin, ba wanda ya yi ƙarya da gangan a falon nan. Alhaji har ga Allah bai ga laifinsa ba, abin da ya ga kowa na yi ya yi, filash dai a kwamfutar makaho ya lalace. Hajiya ta ga hannun da ya zare, amma a wurinta zarewa ba aiki ba ne, aikin shi ne abin da Gariba ke dannawa. Ta fashe da kuka, ta ce ba ta riƙe shi da komai ba.

"Laifina ne, ɗana," in ji ta. "Ni na ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka. Da na kai ma mai ido."

Matan suka ce Allah sarki, suka ce bawan Allah, wata ta ce ai ma ya yi ƙoƙari da ya kai wannan lokaci. Da zagi suka yi masa da ya sami abin riƙewa, ya rantse, ya kira shaida. Yafiya kuwa ba a jayayya da ita. Da za su tafi Hajiya ta sa aka ƙullo masa shinkafa da mai ya kai wa yara, Alhaji ya karɓa a madadinsa yana godiya.

A gida Ajara ta ɗaura ɗankwali za ta fita ta tona asiri a tsakar gida. Gariba ya riƙe mata zane. Ya tambaye ta, in ta yi, a filin wa rumfar take, wutar wa suke ja, gidan wa suke kwana? Ta zauna tana kuka don haushi. Shinkafar nan kuwa ƙin dafa ta ta yi, ta kai wa maƙwabta.

Ba wanda ya ce an daina zuwa wurin Gariba. Matan suna gaishe shi fiye da da, har da tsayawa a tambayi yara. Sai dai matar mahauci ta aiko a karɓar mata filash ɗinta, ta ce za ta duba wani abu. Malamar makaranta ma haka. Ɗaya bayan ɗaya zarurrukan suka bar gwangwani, ba wanda ya dawo. Ya ji labarin wata yarinya a kasuwa ta buɗe shago, mace ce, tana da ido, kuma ba ta sa mutum jira. Samari suna ɗan zuwa a zuba musu waƙa, amma waƙar samari ba ta ciyar da gida.

Duk da haka kullum da safe yana buɗe rumfa. Yakan soka nasa filash, ya zuba abin da ba wanda ya tambaya, ya bi maɓallan nan a jere, ya naɗe hannu ya jira. Madam ta ce a cire, ya cire.

Wata Juma'a ana saukowa daga masallaci, yana zaune haka, ya ji takun da ya sani da ƙamshin turaren da ya sani. Matar mahauci ce. Ya gyara zama, ya tura gwangwani gaba kamar yadda ya saba, hannunsa har ya kai ga ƙullin zare.

"Sannu da aiki, Gariba. Ya yara?"

"Lafiya lau, Hajiya. Me aka kawo?"

Wani abu ya faɗa gwangwanin, ya yi ƙara, ya juya, ya kwanta. Roba ba ta irin wannan ƙara. Takunta ya yi gaba da sauri, irin saurin wanda ba ya son a gode masa.

Ya so ya kira ta ya ce ta dawo ta ɗauki kuɗinta. Ya buɗe baki, sai abin da aka saba faɗa ya riga shi fitowa.

"Allah ya saka da alheri."

"Amin," in ji Alhaji Saani daga ƙofar shagonsa, muryarsa cike da jin daɗi. "Ka gani ko? Tun farko na gaya maka, mutane na tausayinka."